Ba ta Sauka ba Tukuna

Litinin, 25 ga Agusta, da hantsi

Na je Tafkin Corrigan. Hanyar ƙafa ta gabas duk taɓo ce, ruwa kuma ya shanye gadar katako tun daga wajen benci har rumfar leƙen tsuntsaye. Na ga baƙaƙen agwagin nan masu dogon wuya, da kajin ruwa, da wani zalɓe da ya tsaya yana harara ta kamar na faɗo masa ɗaki ba sallama. Ruwa ya shiga takalmina na hagu.

Shekara arba'in da wani abu ina auren Merv, ban taɓa taka hanyar nan da son raina ba. Ni 'yar zaman mota ce. Shi ya rataya madubin hangen nesa ya kutsa cikin ciyawa, ni in rufe gilashi in sha shayina in yi saƙata. Yanzu ga ni kullum safiya da madubinsa a wuya, don in koma in ba shi labari a kan gadon da suka kawo mana suka kafa a falo.

Ina shiga ya ce, "Ta sauka?"

Na ce, "Ba ta sauka ba."

Mawaƙiyar kacala yake nufi. 'Yar mitsitsiyar tsuntsuwa ce mai launin ƙasa, ba kyau ba fasali. Idan sanyi ya shigo sai ta yi arewa, idan ya fara ja da baya ta dawo cikin kacalar bakin tafki ta cika wa jama'a kunne. A ƙungiyarsu ta masu kallon tsuntsaye, duk wanda ya fara jin ta a shekara, a ranar zai buga wa Merv waya ya ce, "Ta sauka," ya ajiye, ko gaisuwa babu. Shi kuma ya sanar da sauran, ranar Asabar a haɗu a rumfa a sha shayi. Na sha yi musu dariya a kan wannan. Tsofaffi masu jikoki, suna wasan asiri a kan tsuntsuwar da ba ta san da zamansu ba.

Laraba, 27 ga Agusta, da yamma

Likita ta zo. Ba zan rubuta abin da ta faɗa mini a kicin ba.

Da ta koma falo za ta yi masa sallama, sai ya ce mata, "Likita, kar ki wahalar da kanki da lissafi. Ba inda za ni sai ta sauka. Bayan nan ku yi yadda kuka ga dama."

Ta yi dariya, ita da Rosalinda, ma'aikaciyar jinyar da ke zuwa mana kowace rana. Ni ban yi ba. Su ba su san shi ba. Mutumin da ya ce ranar da aka haifi 'yarmu Kerryn zai bar taba, ya kuma bari a ranar, da rabin kwali a aljihu. Mutumin da bai taɓa cewa zai zo ƙarfe kaza ya makara ba. Idan Merv ya sa wa abu rana, to an gama.

Asabar, 30 ga Agusta, da safe

Ruwan sama tun asuba. Hanya ba ta biyuwa. Ba ta sauka ba, kuma na ji daɗi.

Talata, 2 ga Satumba, da tsakar rana

Magfai, tsuntsayen nan masu baƙi da fari, sun fara kai wa mutane hari don kare sheƙarsu. Na itacen turaren bakin mashiga ya sauko mini ta baya, na ji iskar fikafikansa a kunne, bakinsa ya ɗan taɓa mini ƙeya. Na zage shi tas, shi da iyayensa. Wani mai keke ya wuce da hular kwano duk tsinkayen roba a tsaitsaye don korar su, yana ce mini, "Sannu, Mama, lokacin ne."

Merv ya sa na ɗauko tsohuwar robar askirim daga ƙarƙashin wurin wanke-wanke, ya ce in zana mata idanu biyu a baya in riƙa kifawa a kai, don magfai ya ɗauka ana kallonsa. Na zana, na kifa, na tsaya masa a tsakiyar falo.

Ya ce, "Juya mu gani." Na juya. Ya ce, "Glen, wallahi fuskar bayan ta fi ki fara'a."

Na ce, "Ita ba ta aure ka ba."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, sai da Rosalinda ta ɗaga shi zaune. Ya ci rabin gasasshen burodi. Yau rana ce mai kyau, ina so in tuna da haka.

Alhamis, 4 ga Satumba, da hantsi

Sama ta washe. Ruwa ya ɗan janye daga kan gadar, katakon yana da santsi. Itatuwan gefen hanya duk sun yi furen nan rawaya da ke sa ni atishawa.

Ina daf da benci na ji.

Ba yadda za a yi in ce ban gane ba. Shekara da shekaru yana kwaikwayonta da fito yana aski. Tana can cikin kacala, ban gan ta ba, sai karan da take kai ne yake rawa. Ta yi, ta tsaya, ta sake yi. Na tsaya da robar askirim a ka. Na duba gabas da yamma, ba kowa a wurin sai ni.

Ban koma gida kai tsaye ba. Na biya kanti na sayi abubuwan da muke da su.

Ya ce, "Ta sauka?"

Na ce, "Ba ta sauka ba tukuna."

Ya ce, "Da saura. Sanyin bana ya yi tsawo." Ya rufe ido.

Juma'a, 5 ga Satumba, da safe

Wayarsa tana aljihun rigata tun da hannunsa ya fara rawa. Ta yi ƙara ina shanya a bayan gida. Dulcie ce, wadda suka kafa ƙungiyar tare tun ƙuruciya. Tana jin an ɗauka ta ce, "Ta sauka," muryarta har rawa take yi don murna.

Na ce, "Dulcie, ni ce. Kar ki ajiye."

Ta ce, "To ki kai masa wayar mana."

Na gaya mata abin da ya ce wa likita.  Can ta ce, "Glenys, wasa yake yi. Kin san bakinsa."

Na ce, "Na san bakinsa, shi ya sa. Ki gaya wa sauran kada kowa ya bugo."

"Har zuwa yaushe?"

Na ce ban sani ba. Ta ce abin bai kwanta mata ba. Na ce ba ita ce za ta kwana ita kaɗai a gidan nan ba. Maganar ba ta dace ba, don shekara da yawa ke nan tana kwana ita kaɗai tun rasuwar mijinta. Amma ta ce to.

Lahadi, 7 ga Satumba, da yamma

Ranar iyaye maza. Kerryn ta tuƙo daga birni da miyar kabewa a tukunya da safar ƙafa mai zanen agwagi. Ya sha cokali kaɗan, ya yaba, ya ce ta fi tawa. Ƙarya yake, gishirinta bai ji ba.

A wajen mota ta sake tayar da zancen gidan jinya na asibiti. Ta ce, "Mama, dubi yadda kika koma. Kuma me kike zuwa yi tafkin nan kullum cikin sanyi?"

Na ce, "Babanki ne ya aike ni."

Ban gaya mata ba. Kerryn halin ubanta ta ɗauko, ba ta iya riƙe ƙarya ko ta minti ɗaya.

Laraba, 10 ga Satumba, da hantsi

Hanyar gabas ta fara bushewa. Agwagin sun fito da 'ya'ya, toka-toka, suna bin uwarsu a layi. Na ba shi labarinsu dalla-dalla, har da wanda yake hawa bayan uwar. Na ba shi labarin shirwar da ke shawagi a kan kacala. Komai na gaya masa, kuma duk gaskiya ne.

Mawaƙiyar kacala kuwa yanzu ba guda ɗaya ba ce. Suna amsa wa juna daga wannan gaɓa zuwa waccan.

Asabar, 13 ga Satumba, da tsakar rana

Na tarar da su a rumfa, duk ƙungiyar, da fulas-fulas ɗinsu. Suna hango ni hira ta mutu. Dulcie ta tura kwanon kek bayan jakarta kamar yarinyar da aka kama.

Con ne ya yi magana, tsohon mai gyaran mota, wanda Merv ya koya wa riƙe madubi. Ya cire hularsa ya ce, "Glenys, kar ki ji haushi. Mu a wannan harka abu ɗaya gare mu. In ka gani ka ce ka gani, in ba ka gani ba ka ce ba ka gani ba. Ba wanda zai bi ka cikin ciyawa ya duba. Merv ne ya koya mana haka. Ya taɓa ƙin yarda da idonsa a kan wani tsuntsu da ya shekara yana nema, don bai ga ƙafarsa da kyau ba."

Na ce, "Na sani, Con. Ni na sha mitar a mota har gida."

Ya ce, "To ai shi ya sa."

Na ce, "Ku ci kek ɗinku. Ku tsuntsu kuke jira, ya kuma zo. Ni mijina ne a falo."

 Ina tafiya suna ta rerawa a bayana, su tsuntsayen, kamar da gayya.

Talata, 16 ga Satumba, da yamma

Rosalinda ta ƙara masa maganin ciwo. Barci ya fi yawa yanzu. Idan ya farka sai ya nemi fuskata, ya yi tambayar, in ba shi amsar.

Yau ya ce, "Ta makara ƙwarai." Na ce ƙila iska ce ta hana su. Ya ce ƙila.

Na zauna kusa da shi ina saƙa, ina jin numfashinsa. Ba zan ɓoye a nan ba: daɗi nake ji. Kowace safiya da na sauko na same shi, ji nake ni na riƙe shi. Na san yadda wannan magana take a kunne. Na ga yadda yake cije leɓe idan za a juya shi, ya kuma ce wa Rosalinda ba komai. Duk na gani.

Alhamis, 18 ga Satumba, da safe

Hanya ta bushe. An kafa allon gargaɗin macizai. Ba ta sauka ba, in ji ni.

Lahadi, 21 ga Satumba, da yamma

Dulcie ta zo duba shi. Ban iya hana ta ba, shi ya nemi ganinta.

Ko zama ba ta gama yi ba ya ce, "Dulce, ke kunnenki ya fi na Glen. Ita ko agwagwa ta yi kuka cewa za ta yi ƙofa ce. Ba ki ji komai ba?"

Dulcie ta dubi safarsa mai agwagi. Ta ce, "Gwiwata ta matsa mini, Merv. Ban leƙa ba kwanan nan."

Ya ce, "Con fa?"

Ta ce, "Bai ce mini komai ba."

A kicin ta rufe ƙofa. Ban taɓa ganin fuskarta haka ba. Murya ƙasa-ƙasa ta ce, "Tun muna da baƙin gashi nake tare da mutumin nan, ban taɓa yi masa ƙarya a kan ko gashin tsuntsu ba. Yau kin sa na yi, yana kwance. Kar ki sake sa ni." Ta bar shayinta ko kurɓa ba ta yi ba.

Talata, 23 ga Satumba, da hantsi

Na dawo na same shi idonsa biyu, yana kallon silin. Ya yi tambayar. Na ba shi amsar. Sai na ga hawaye yana gangara masa ta gefen ido yana shiga kunne.

Bai yi kuka ranar da aka gaya mana ba. Bai yi ba ranar da aka kawo gadon. Na ɗauka ciwon ne, na miƙe zan kira Rosalinda, ya riƙe mini hannun riga.

Ya ce, "Wani abu ya same su, Glen. Ba su taɓa kaiwa haka ba. Ko fadamun arewa ne aka ƙafar, ko feshi ne aka yi wa kacalar. Kuma ba su kaɗai ba ne, in su suka tafi, sauran ma suna hanya." Ya huta, ya nemo numfashi. "Ni tafiyata ba wani abu ba ce, kowa zai yi. Amma na ɗauka zan bar su a nan. Na ɗauka 'ya'yan Kerryn za su ji su."

Bai yi shakkar maganata ba ko sau ɗaya. Abin da ban lissafa da shi ba ke nan. Na ɗauka zai yi ta jira ne kawai, kamar mai jiran mota. Ashe kwance yake yana makokin duniya gaba ɗaya, ni kuma ina gefe ina saƙa.

Na shiga banɗaki na buɗe famfo don kada ya ji ni.

Laraba, 24 ga Satumba, da safe

Na bi hanyar gabas tun daga mashiga har rumfa, a hankali, ina kallon ƙasa ba sama ba. Tsakuwar ta daddale. Akwai rami guda kusa da benci, za a iya kauce masa ta hagu. Katako ɗaya na gadar ya ɗaga baki, na taka shi, zai ɗauki taya. Ƙofar rumfar tana da faɗi.

Na buga wa Kerryn na gaya mata komai. Ta ce, "Haba, Mama." Iyakar abin da ta ce a kai ke nan. Ta ce za ta taso yau.

Rosalinda ta ce a ƙa'ida ba za ta ba da shawarar a fita da shi ba. Ta kuma ce za ta zo da keken marasa lafiya da ƙaramar tukunyar iskar numfashi, a rufe shi da bargo biyu.

Alhamis, 25 ga Satumba, da yamma

Mun kai shi.

Na ce masa 'ya'yan agwagi za mu je gani kafin su girma. Bai yi musu ba. Kerryn ta tura keken, Rosalinda tana riƙe da tukunyar, ni ina gaba ina nuna inda za a bi. Magfai ɗin mashiga ya dube mu daga reshe, bai ko motsa ba. Merv ya zama ɗan kaɗan a cikin barguna, hularsa ta yi masa yawa.

Ba mu kai benci ba ya ɗaga hannu. Kerryn ta tsaya.

Ko'ina mawaƙan kacala ne. Dama da hagu, kusa da nesa, kacalar gaba ɗaya tana kaɗawa da su.  Na sa masa madubin a ido, na riƙe masa don hannunsa ba zai iya ba. Ya ce in yi ƙasa kaɗan, in yi dama. Muka daɗe a haka har kafaɗata ta gaji.

Can ya ce, "Waccan ciyawar sheƙa ce a bakinta."

Na sauke madubin.

Ya ce, "Ba jiya suka zo ba."

Kerryn ta ja Rosalinda suka matsa gaba, wai za su duba gadar.

Ya ce, "Yaushe?"

Na ce, "Huɗu ga wata."

"Wa ya fara ji?"

"Ni."

Ya juyo da kai da ƙyar ya dube ni. Na shirya wa faɗa, na ma fi son ya yi. Sai ya ce, "Ke? Duk ƙungiyar nan, 'yar zaman mota ce ta riga su?" Kafaɗunsa suka girgiza, dariyar ba ta da sauti.

Na durƙusa a kan tsakuwar. Na ce, "Tsoro na ji, Merv. Ka ce in ta sauka za ka tafi, kai kuma ba ka saɓa magana."

Ya ce, "Kin ba ni wahala, tsohuwa. Makon nan da ya wuce na sha wuya."

Na ce, "Na sani."

Ya ɗora hannunsa a kaina, ba nauyi ko kaɗan. Ya ce, "Da ke ce a gadon, ban san abin da zan yi ba. Ƙila da na toshe wa garin nan kunne gaba ɗaya." Ya numfasa. "To faɗa mini. Yadda ake faɗa."

 Na ce, "Ta sauka."

Ya ce, "Madalla." Ya jingina ya rufe ido yana saurare, fuskarsa ta saki yadda ban gan ta ba tun farkon sanyi. Muka zauna har Rosalinda ta ce iskar tukunyar ta yi ƙasa.

A mota ya sa Kerryn ta buga wa Dulcie. Da kansa ya sanar da ita, kamar ba ta sani ba, ita ma ta amsa kamar ba ta sani ba.

Asabar, 27 ga Satumba, da tsakar rana

Garin duk yana gaban talabijin, wasan ƙarshe na ƙwallo. Mun kunna masa ba sauti. Bai farka sosai ba. Ya sha ruwa a soso. Bai tambaye ni komai ba, ba abin tambaya kuma.

Litinin, 29 ga Satumba, da hantsi

Jiya ne ya tafi, da rana tsaka, taga a buɗe. Ina riƙe da hannu ɗaya, Kerryn ɗaya. Rosalinda ta ce bai wahala ba. Ban sani ba ko haka suke ce wa kowa.

Ya cika maganarsa. Duk zamanmu wannan halin nasa yana ba ni haushi, yau ma haushinsa nake ji, kuma ba ni da wanda zan yi wa mita.

Da gari ya waye na tashi kamar kullum, na rataya madubin, na zauna a matakalar ƙofar baya ina sa takalmin ruwa. Na sa ƙafa ɗaya, sannan na tuna ba mai jiran labari. Na zauna a nan da takalmi ƙafa ɗaya, ɗayan a hannu, har rana ta hau kan katanga.

Kerryn ta fito da shayi kofi biyu ta zauna kusa da ni. Ta dubi ƙafata ta ce, "Mama, sawa za ki yi ko cirewa?"

Na ce mata ban sani ba tukuna.